Manta-Uwa

A wani gari da ke kudancin ƙasar Zazzau, inda ruwan sama yake da yawa har ana samun kurmi a bakin rafuka, akwai wani dattijo wanda kowa yake kira Malamin Daji. Sunan aikinsa ne ya bi shi, domin ya yi shekara 35 a ma'aikatar gandun daji kafin ya yi ritaya. Yawancin shekarun nan a wurin renon itatuwa ya yi su, yana cika baƙaƙen ledoji da ƙasa da taki, yana shuka darbejiya da turare da malaina, yana raba wa makarantu da masu unguwanni idan damina ta zauna. Sai dai kuma duk itatuwan nan baƙi ne. Darbejiya da malaina daga nahiyar Asiya aka kawo su, turare kuwa daga Ostareliya. Bai taɓa renon wani tsiro na dajin garinsu ba sai bayan da ya bar aiki, shi ma ɗin ba da niyya ba.

Wata rana cikin hunturu ya tafi duba gonarsa ta bakin kurmi, sai ya tarar masu injin yankan katako sun kayar da wani tsohon maɗaci wanda tun yana yaro yake ganinsa tsaye. Sun yi gaba da gangar jikin, sun bar wa masu gawayi rassa. Daidai inda wani babban reshe ya rabu biyu, ya hangi wani curi mai girman buhun gero. Da ya matsa kusa sai ya ga sanduna ne masu gaɓa-gaɓa kamar ƙananan rake, kowace ta kai kamu ɗaya ko fiye, da dogayen ganyaye a kanta. Tsakaninsu akwai wasu fararen saiwoyi sirara da suka miƙe sama kamar tsintsiya, sun tare busasshen ganye da ƙura. A saman wasu sandunan kuma ga furanni nan ruwan ɗorawa, masu ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa, sun fara yaushi a rana.

Nan take ya gane ta. Manta-uwa ce. Rabonsa da riƙe ta a hannu tun yana ƙarami, lokacin da kakarsa takan aiki samari su hau su tsinko mata. A al'adar Hausawa, idan yaro ya kusa shekara biyu akan yaye shi, watau a raba shi da nono, galibi kuma akan kai shi ɗakin kakarsa ya yi kwanaki. Tsofaffin mata sukan jiƙa wasu magunguna su ba shi, wai don ya daina kuka, ya manta da uwar. Daga nan tsiron ya sami sunansa. Wani likita Bature mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya rubuta sunan a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa, wanda aka buga a Landan a shekarar 1916. Wasu kuma murucin bisa suke ce mata.

"Baba, ai kauci ne," in ji ɗaya daga cikin masu gawayin. "Bari mu haɗa da shi, ya taya mu kama wuta."

"Ba kauci ba ne, samari," in ji Malamin Daji. "Kauci ɓarawo ne. Wannan baƙuwa ce, masauki kawai ta nema."

Gaskiya ya faɗa. Kauci yakan soka bakinsa cikin reshe ya sha ruwan itacen da yake kai, har wani lokaci ya busar da reshen. Manta-uwa ba ta shan komai daga jikin mai masaukinta. Saiwoyinta na ƙasa suna manne wa ɓawo ne don kada ta faɗi, waɗanda suka miƙe sama kuwa kwando ne na tarar ganyen da ke zubowa, idan ya ruɓe ya zame mata taki. Ruwan sama da raɓa take sha, ta adana a cikin sandunanta, da shi take cinye rani. Dattijon ya ba wani yaro ɗan abin goro, aka ɗora curin a baro aka kai masa gida.

Manta-uwa tana cikin wani babban dangi na tsirrai da masana ke kira okid, wanda ya ƙunshi nau'i kimanin 28,000. Sunanta a wurinsu Ansellia africana. An ba ta shi ne don tunawa da John Ansell, wani mai aikin lambu da ya biyo tawagar da Ingila ta aiko kogin Kwara a shekarar 1841, wanda ya tsinko ta a tsibirin Fernando Po, watau Bioko na yanzu. Tana fita a ƙasashe da yawa, tun daga yammacin Afirka har zuwa Afirka ta Kudu. Duk da haka ƙungiyar IUCN, mai lura da halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sanya ta cikin jerin masu fuskantar barazana, saboda sare itatuwan da take zama a kai, da kuma yawan ɗibarta da masu magani da masu furannin ado suke yi. Malamin Daji bai san wannan ba a lokacin. Abin da ya sani shi ne, ya zaga da tunaninsa duk dajin da ya yi shekaru yana tsaro, ya kasa tuna ranar ƙarshe da ya ga wata.

Ya yi mata abin da ya iya. Ya sa adda ya sassare curin gida takwas, ya cika ledoji da baƙar ƙasa da takin shanu, ya dasa, ya jera su a inuwar mangwaro, yana ba su ruwa safe da yamma kamar yadda ya saba yi wa darbejiya. Kafin wata ɗaya ganye ya zube. Sandunan suka yi laushi, suka yi baƙi daga gindi, in an matsa sai wani ruwa mai wari ya fito. Shida suka mutu. Biyun da suka rage ba a leda suke ba. Ledoji ne suka ƙare masa, ya jefa su kan rufin akurkin kaji da nufin ya dasa gobe, ya manta. Waɗanda ya manta da su su ne suka rayu. Abin ya ba shi kunya ƙwarai, shi da ya reni dubban itatuwa.

Yana da 'ya mace da ke karatun ilmin tsirrai a wata jami'a a Ingila. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, saboda haka ba ya faɗin sunan, Uwata yake ce mata. Ya daɗe yana juya abin a ransa kafin ya sa autansa ya ɗauki hoton ruɓaɓɓun sandunan da waya ya aika mata. Da dare sai ga kira.

"Baba, ƙasa ce ta kashe su, da ruwa," in ji ta, bayan sun gaisa. "Abin da ya saba zama a kan reshe, iska tana kaɗa saiwarsa, an binne shi da rai."

"To, Uwata, yau malami ya koma aji. Faɗi, ina ji."

Ta ce ya jira ƙarshen bazara, lokacin da zai ga sababbin saiwoyi masu koren baki sun fara leƙowa daga gindi, domin a lokacin ne tsiron yake da ƙarfin warkewa. Ya bar adda, ya nemi wuƙa mai kaifi, ya gasa bakinta a wuta kafin kowane yanka, don kada ta kwashi cuta daga wannan yanki ta kai wa wancan. Sandunan duka a haɗe suke ta ƙasa da wata gajeriyar jijiya, a nan ake yankawa. Kada kowane yanki ya kasa sanda uku, domin tsofaffin su ne rumbun da sabon toho zai ci daga ciki kafin ya yi saiwarsa. Ko sandar da ganyenta ya zube ba a yar da ita in dai ba ta bushe ba, saboda a gindinta akwai ido mai barci, kamar idon rake, wanda yakan farka idan an raba shi da sauran. A shafa garin gawayi a wurin yankan, a ajiye a inuwa kwana biyu ya sha iska. Sa'an nan a huda tukunyar ƙasa ko'ina, a zuba gawayi da ɓawon itace da fasassun kasake, a ɗora yankin a sama, a ɗaure shi tam, domin saiwar da ke rawa ba ta kama wuri. Ruwa kuwa sai abin da ke cikin tukunyar ya bushe.

Haka ya yi. Daga biyun nan ya fitar da biyar. Akuya ta ci ɗaya, gara ta shiga ɗaya, daga nan ya koma rataye tukwanen a rassan mangwaro. Ukun da suka tsira suka yi toho, suka cika tukwanensu, ya sake rabawa. Sannu ba ta hana zuwa. A shekara ta takwas tukwane 24 ne ke reto a tsakar gidansa, kuma idan suka yi fure da rani mata sukan shigo kallo. Masu magani suka ji labari suka fara sallama. Da farko korarsu yake yi, daga baya ya lura cewa duk wanda ya kora daji zai nufa, sai ya koma ba su tsofaffin sanduna, da sharaɗin su bar na kan itace. Mutane suka fara cewa Malamin Daji ya ceci manta-uwa, shi ma ya yarda da hakan.

A shekarar nan 'yarsa, wadda ta riga ta gama karatu ta kama aiki a can, ta zo ganin gida, zuwanta kuma ya dace da lokacin fure. Ya zaga da ita tukunya-tukunya yana ƙirgawa da ƙarfi. Ita kuwa sai duban furen wannan take yi tana kwatantawa da na wancan. Da suka kai ƙarshe ta yi shiru.

"Yaya, Uwata? Ashirin da huɗu cif."

"Baba, ka yi aiki, Allah ya saka da alheri. Amma dubi furannin nan. Launi ɗaya, girma ɗaya, ɗigo iri ɗaya. A ido ashirin da huɗu ne. A jini ɗaya ce, ita ce dai wadda ka tsinta a kan maɗaci."

Abin da take nufi ba baƙo ba ne ga manomi. Wanda ya dasa karan rogo ya san cewa rogon da zai haƙa irin na asalin ne sak, in mai zaƙi ne mai zaƙi, in mai ɗaci ne mai ɗaci, in kuma yana da ciwon nan da ke murɗe ganye, da ciwon aka dasa shi. Masu dabino a Agadas da Dutse su ma sun san cewa ɗan da aka ɓalle daga gindi halin uwa yake ɗaukowa duka, ƙwallo kuwa ba a san abin da zai fito ba sai ya girma. Wannan shi ne amfanin dashen yanki, shi ne kuma aibinsa. Yana da sauri, yana da tabbas, amma cutar da ta iya kayar da ɗaya za ta iya kayar da dukkansu, domin ƙofar da ta samu a buɗe a jikin wannan, a buɗe take a jikin sauran.

Ta ba shi misali da banila, wadda ake sa ƙamshinta a kek da askirim. Ita ma okid ce, mai yaɗo, asalinta Meziko da Amurka ta Tsakiya, kuma da yanki ake dasa ta. A farkon ƙarni na 19 aka kai 'yan yankuna daga lambunan Turai zuwa tsibirin Reunion da ke Tekun Indiya. Suka yaɗu, suka yi fure, amma ba 'ya'ya, domin ƙwaron da ke yi musu barbara yana can inda aka baro shi. A shekarar 1841 wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, ya gano yadda ake haɗa furen da ɗan tsinke. Da dabararsa ake aiki har yau a Madagaska, ƙasar da ta fi kowace noman banila, ko da yake shi kansa cikin talauci ya mutu a shekarar 1880. Amma da yake yanki daga yanki ake ta dasawa kusan shekara 200, yawancin banilar da ke gonaki kusan jini ɗaya ce, kuma wata funfuna mai ruɓar da saiwa tana yi mata ɓarna. A dazuzzukan da ta fito kuwa ta yi ƙaranci, har a shekarar 2017 aka sanya ta cikin tsirran da ke cikin haɗarin ƙarewa.

Malamin Daji bai ce komai ba. Ya shiga ɗaki, bai fito ba sai da aka kira magariba. Shekara takwas yana ganin ya tara garke, ashe tunkiya ɗaya yake ta zagayawa. Bayan sallar isha, suna zaune a tabarma, sai ya yi dariya shi kaɗai.

"Uwata, ashe sunan nan ƙarya ne. Duk yayen da na yi, ba wadda ta manta uwa."

"Sai dai iri, Baba. Iri ne kaɗai yake da uwa da uba."

Amma iri a dangin okid ba abin wasa ba ne. Ƙwayar gero ko ta wake da guzurinta take zuwa, watau abincin da zai riƙe tsiro har ya yi ganye. Ƙwayar okid ba ta da guzuri. Ƙarama ce kamar ƙura, kwanso ɗaya yakan ɗauki dubbai, a wasu nau'o'in har miliyoyi, kuma iska ce ke kwasarsu. Ba ta tsirowa sai ta faɗa inda akwai wata irin funfuna mai zare-zare, wadda za ta shiga cikinta ta ciyar da ita. Wani masani Bafaranshe, Noël Bernard, shi ya gano haka a shekarar 1899. A shekarar 1922 kuma Lewis Knudson na Jami'ar Cornell da ke Amurka ya nuna cewa irin yana iya fitowa ba tare da funfunar ba, idan aka shuka shi cikin kwalba a kan wani daskararren kunu mai sukari da sinadarai, wanda aka dafa aka kashe duk wata ƙwayar cuta da ke cikinsa. Wannan kuwa aikin ɗakin gwaje-gwaje ne.

Ta kuma ba shi labarin wani okid na Ingila wanda sunansa yake nufin "takalmin uwargida", saboda leɓen furensa ya yi kama da ɗan takalmi ruwan ɗorawa. Masu sha'awar furanni na ƙarni na 19 suka yi ta tone shi suna kai wa lambunansu, har a shekarar 1917 aka ce ya ƙare a ƙasar. A shekarar 1930 aka tsinci guda ɗaya tak a yankin Yorkshire. Aka ɓoye wurin, aka yi shekaru ana sa masu gadi suna kwana kusa da shi a lokacin fure. Da a ce raba gindi ya isa, da an raba shi an huta. Sai da aka nemo 'yan tsirarun da suka rage a lambunan mutane, waɗanda asalinsu daga dajin ƙasar ne, aka haɗa furanninsu da nasa da hannu. Daga shekarar 1983 masanan Lambun Kew da ke Landan suka duƙufa kan fitar da irin a kwalba, suka sha wahala kafin su gane cewa ɗanyen iri, wanda bai gama nuna ba, ya fi saurin fitowa. Daga baya aka mayar da ɗaruruwan 'ya'yan zuwa wurare dabam-dabam a arewacin Ingila.

Da za ta koma, ya naɗe mata yanki ɗaya a jarida ya ce ta kai wa masu kwalaben. Ta ce ba dama, domin a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a shekarar 1975, okid ba ya ƙetare iyakar ƙasa sai da takardar izini.

"Kuma ko an bari, Baba, ba tafiya take bukata ba. Abin da take nema yana cikin dajinku: wata manta-uwa daga wani gindi dabam."

Ya yi damina da rani yana nema. Ya tambayi mafarauta da Fulani makiyaya da masu ɗiban zuma. Kowa sai ya ce da akwai a wuri kaza, in ya je ya tarar da gona ko toka. A ƙarshe wata tsohuwa 'yar mai ganye, wadda take cikin masu karɓar sanduna a gidansa, ta ce ta san inda wata take, amma ta ƙi faɗa. A wurin mai magani, inda ake samun tsiro jari ne.

"Malam, uwata ce ta nuna mini, ita ma uwarta. In na nuna maka, gobe ka kawo gwamnati ta kafa allo."

"Iya, na bar gwamnati, gwamnati ta bar ni. Ba na son sanin wurin. Sanda uku nake roƙo, a haɗe, da wannan wuƙar za a yanka. Duk shekara kuma ki zo ki ɗauki tukunya ɗaya."

Bayan kwana 10 jikanta ya zo da ƙunshi a tsumma. Abin da ya faɗa kawai shi ne, a kan giginya take, kuma tafiyar yini ce. Har yau Malamin Daji bai san wurin ba.

Sai da baƙuwar ta yi rani biyu kafin ta yi fure. Ranar da furen ya buɗe, dattijon ya daɗe tsaye a gabansa. Ya fi na gida ƙanƙanta, launinsa ya fi karkata zuwa kore, ɗigonsa kuma manya ne har sun kusa haɗewa. Kama da wane ba ta wane. Bayanin yadda ake haɗa fure ya yi wa 'yar nauyi ta yi wa mahaifinta baki da baki, sai ta zana a takarda ta aiko wa wani jikansa, shi ya karanta masa. A tsakiyar kowane fure akwai ɗan ginshiƙi, a kansa da 'yar hula. Idan aka ɗaga hular da tsinken sakace, sai wasu 'yan dunƙulen gari ruwan ɗorawa, waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba, su manne a bakin tsinken. Ƙasa kaɗan da hular akwai ɗan rami mai danƙo, nan ake sa dunƙulen da aka ɗauko daga ɗaya tsiron. Hannun dattijon yana rawa, idonsa kuma ya rage, saboda haka yaron ne ya riƙe tsinke, shi yana riƙe da fure. Sun haɗa 10. Bakwai suka zube, uku kuwa wuyansu ya fara kumbura.

Bayan watanni kwansunan suka kai girman ƙaramar kuɓewa. Biyu ya yanke tun suna kore, ya ba wani malamin jami'a na nan cikin ƙasa, mai ɗakin gwaje-gwaje, wanda 'yarsa ta haɗa su. Na ukun ya bar shi ya nuna.

Tun kafin wannan ya fara mayar da tsirransa kan itatuwa, kuma shekarun aiki sun koya masa cewa zaɓen itacen ya fi ɗaurin wuya. Maɗaci na masu katako ne, ƙirya da marke na masu gawayi, giginya ta masu azara. Sai ya nufi itatuwan da gatari ke jin nauyinsu: ɗorawar da ke da mai ita a tsakiyar gona, da tsamiyar da ake cewa tana da iskoki, da manyan itatuwan tsohuwar maƙabarta, bayan ya nemi izinin liman da mai unguwa. Jikan yake hawa ya ɗaure da tsumma a inda reshe ya rabu. Ba duka suka zauna ba. Gobarar daji ta cinye biyu, an sace uku, wata ɗorawa kuma mai gonar ya sayar da ita da abin da ke kanta. Amma akwai waɗanda saiwarsu ta kama ɓawo, har tsumman ya ruɓe ya faɗi su ba su faɗo ba. A cikin saiwoyin irin waɗannan ya sa aka karkaɗe ƙurar kwanso na uku, ko Allah zai sa funfunar tana nan. Haka masu lambun Ingila suke yi kafin a san kwalba, a gindin uwa suke barbaɗa iri.

A shekarar 2025 'yarsa ta kira shi da wani labari. Masu kula da takalmin uwargida a Yorkshire sun ba da sanarwar cewa a shekarar 2024 sun tarar da wani sabon tsiro a ɗaya daga cikin wuraren da aka mayar da shi, wanda ba wanda ya dasa. Iri ne ya faɗi ya fito da kansa. Dattijon ya yi lissafi daga 1930.

"Shekara casa'in da huɗu," in ji shi. "To, ashe ni ban ma fara jira ba."

Daga jami'a an aiko masa da hoton kwalabe, da wasu 'yan korayen ƙwayoyi a ciki kamar an watsa gero, an ce sai sun yi shekaru kafin su yi fure. A kan tsamiyar maƙabarta kuma, cikin daminar da ta wuce, jikan ya sauko ya ce ya ga wani ɗan tsiro mai ganye biyu tsakanin saiwoyi, bai kai farce ba. Yana yiwuwa manta-uwa ce. Yana yiwuwa kuma cediya ce tsuntsu ya kawo, domin ita ma a kan wani itacen takan fara. Malamin Daji ba ya iya hawa ya gani. Ya ba yaron jan zare ya ce ya ɗaura kusa da wurin, kada ya taɓa, kada kuma ya gaya wa kowa. Kowace Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, sukan bi ta can. Yaron ya hau, tsohon ya tsaya a ƙasa da sandarsa, ya ɗaga kai yana jiran abin da za a ce masa.